Gwalalo: Ramin da Ya Haifi Ganuwa

Duk wanda ya taso a ƙasar Haɗeja ya san ƙarfin ruwa. A dausayin Baturiya, wanda ya shiga jerin muhimman dausayoyin duniya na Ramsar a 2008, ruwa ke kawo kifi da shinkafa da tsuntsaye baƙi. Mutanen da kuwa har tsaro suka sa shi ya yi musu.

Dabarar a fili take. A haƙa rami a kewaye gari, a kwaɓa ƙasar a ɗaga ganuwa, ramin kuma ya zama gwalalo. Da damina ya cika da ruwa, a gefensa ga sarƙaƙiya. Kafin mahayi ya kai gindin katanga, 'yan baka da ke kan badala sun gama da shi.

Haɗeja ta ci moriyar wannan tsari. Daga cikin birninta Sarki Buhari ya ja daga da Sakkwato har rasuwarsa a 1863. Sai a 1906 igwar Turawa ta fi ƙarfin katangar ƙasa, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama, aka riƙa kiransa Mai Shahada. A Kano kuwa, tun zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134) aka soma ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, kuma a 2007 ta shiga jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO.

Ingila ma tana da irin waɗannan ramuka: kufan gidajen masu ƙasa kusan 6,000 da aka kewaye da ramin ruwa, an fi gina su tsakanin 1250 da 1350, galibi don nuna isa. Gidajen da yawa sun rushe, amma wata dokar ƙasar ta 1979 tana kare ɗaruruwan ramukan, domin laka mai danshi tana adana itace da fata da ƙwayar hatsi, abubuwan da ke gaya wa masana yadda aka rayu.

A nan gida, ido na kan ƙofofi da katanga, gwalalo kuwa ya koma juji. Masu tubali su kwashe ƙasar ganuwa, masu filoti su cike ramin su yi gini. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da hurumin kare irin waɗannan wurare, amma mai unguwa ne ke fara ganin tifa tana juye ƙasa. Idan Agusta ta zo, ruwan da ramin ya saba riƙewa sai ya bi lungu ya shiga zaure.