Yadda Ake Sa Tagar Kwamfuta Ta Yi Tafiya Sumul

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu, ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan yadda masu tsara manhaja suke sa taga, wato akwatin nan mai kusurwa huɗu da muke aiki a cikinsa, ta tashi daga wani gefen allon kwamfuta zuwa wani ba tare da tana tsalle-tsalle ba.

Da farko dai, a gaskiya tagar ba tafiya take yi ba. Sake zana ta ake yi a wuri na gaba, ido ya ɗauka motsi ne, kamar yadda fim yake nuna hotuna 24 a sakan ɗaya. Yawancin allunan kwamfuta suna sabunta hotonsu sau 60 a sakan, don haka kowane zane bai kai sakan ɗaya bisa hamsin ba.

Hanyar da sabon shiga ya fi bi ita ce ya ce wa kwamfuta ta matsar da tagar ɗigo ɗaya, ta sake, har ta isa. Illar wannan ita ce gudun tagar ya dogara da ƙarfin na'urar: a sabuwa ta wuce fyu, a tsohuwa ta yi ta jan jiki. Ni a ganina, asirin duka yana wurin agogo. Misali, ana son taga ta ci ɗigo 600 cikin rabin sakan. Kafin kowane zane, sai manhaja ta duba lokacin da ya wuce. Idan rabinsa ya tafi, to wurin tagar ɗigo na 300 ne, ko an samu zana na baya ko ba a samu ba. Ko da na'ura ta ɗan tsaya, tagar za ta isa a kan kari.

Amma gudu bai-ɗaya ba ya wa ido daɗi, domin ko mota ba ta tashi da cikakken gudu. Shi ya sa ake sa tagar ta fara a hankali, ta ƙara sauri, sannan ta lafa. Masu zanen katun na kamfanin Disney sun daɗe da wannan dabara kafin kwamfuta ta aro ta.

Saura matsalar ƙyaftawar hoto. Maganinta shi ne a gama zanen a ɓoye, sannan a nuna shi gaba ɗaya. Mac OS X ta zo da tsarin haɗa tagogi ta wannan hanya a 2001, Windows Vista kuma ta biyo baya da nata a 2007.