Yadda toka da zoɓo za su koya wa ɗaliban Zariya raya bishiya

Wanda ya san birnin Zariya ya san cewa rimi ya shiga cikin sunayen unguwanninsa: Rimin Doko, Rimin Tsiwa, Rimin Danza. Sai dai rimayen da suka rage a cikin ganuwa tsofaffi ne, kuma da wuya mutum ya ga ƙaramin da ke tasowa domin ya gaje su. Gine-gine sun cinye filaye, kududdufai sun cika da bola. Idan akwai wurin da ya saura da za a raya sabuwar bishiya a kula da ita, to harabar makaranta ce.

Manhajar ƙaramar sakandare, wadda ke cikin ilimin bai-ɗaya na shekara 9 da dokar 2004 ta wajabta, ta tanadi darasin kimiyya da ya taɓo muhalli da sinadarai. Matsalar ita ce galibi a allo ake gama shi. Yaro ya haddace cewa ganye na shaƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya samar da abinci, sannan ya saki iskar da muke shaƙa, amma bai taɓa sanin cewa kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne ba. Gawayin da ake sayarwa a bakin Ƙofar Doka shi ne shaidar hakan.

Dashen ma yana da nasa ilimin. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, takan faɗo a farkon damina, don haka shuka kan kama cikin sauƙi, ganin cewa yankin na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara. Jarrabawar tana zuwa ne daga Nuwamba, lokacin da hunturu ya sauka, awaki kuma suka rasa ɗanyen ganye. Kowa ya san maganin akuya, wato shinge. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ƙasar da aka yi dashen a cikinta da ruwan da ake ba shukar.

A nan ne ilimin sinadarai ke shigowa, kuma kayan aikinsa suna cikin kowane madafi. Jiƙon zoɓo yana sauya launi gwargwadon abin da ya gamu da shi. Idan aka ɗiga masa lemun tsami, jansa ya ƙara fitowa. Idan aka zuba masa ruwan kanwa ko ruwan toka, sai ya rine ya koma wajen kore-kore. Da wannan kaɗai ɗan aji ɗaya zai rarrabe mai tsami da kishiyarsa, ba tare da an sayo komai daga waje ba. Iyaye mata da ke jefa kanwa a miyar yakuwa domin kashe tsami sun daɗe suna wannan aiki, haka ma marina da ke zuba toka a rijiyar baba.

Daga nan sai a koma bakin rami. Toka kaɗan tana rage tsamin ƙasa, tana kuma ba ta sinadarin fotash. Idan ta yi yawa, sai ta ƙone saiwa. Ruwan wanki mai omo da ake kwararawa gindin shuka da kyakkyawar niyya yana tara gishiri a ƙasa har ganye ya yi rawaya. Ɗalibin da ya gwada ruwan kwata da na rijiya da jiƙon zoɓo zai ga bambancin da idonsa.

Malamin da ke neman iri ko shawara ba sai ya yi nisa ba, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da tashar binciken gandun daji duk suna Samaru. Darbejiya ta fi saurin kamawa da jure fari, shi ya sa ake yawan zaɓenta. Rimi kuwa yana buƙatar fili mai faɗi, nesa da katangar aji, saboda girman saiwarsa.