Kuɗin Korona: Wanne Ne Kyauta, Wanne Ne Bashi?

A majalisun Kankiya da Kusada, da zarar wani ya ga saƙon banki cewa an zare masa kuɗi daga asusu, sai hirar "kuɗin korona" ta tashi. Ƙorafin ɗaya ne: gwamnati ta ba manoma tallafi lokacin annoba, yanzu ta dawo tana ƙwacewa. Fushin na da dalili, amma maganar ta cakuɗa abubuwa uku da sunan tallafi kaɗai ya haɗa su.

Kullen 2020 ya zo a mugun lokaci, domin an hana zirga-zirga tsakanin jihohi daidai gabatowar damina, lokacin da manomi ke kai rago ko buhun wake kasuwa ya sayi taki. Gwamnatin Tarayya ta rage farashin buhun NPK na shirin takin shugaban ƙasa daga naira 5,500 zuwa 5,000. Wannan rangwame ne, ba a bin kowa. Sai shirin NG-CARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2020, wanda ɓangarensa na Fadama ke raba iri da taki da kayan aiki. Manomi ba ya biya, amma ƙasa za ta biya, don rance ne a wuyanta. Na uku shi ne mai tada jijiyar wuya: naira biliyan 50 da Babban Bankin Najeriya ya fara warewa a Maris 2020, aka raba ta bankin NIRSAL. Wannan bashi ne tun ranar farko, da kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a lokacin da kuma wa'adin biya.

Abin mamaki, babu wanda ya fi manomi sanin wannan bambanci. Wanda maƙwabcinsa ya ba shi damin dawa a tsakiyar damina ya san da kaka zai mayar, ko da mai dawar ya miƙa da fara'a. Wanda ya ari garmar shanu ba ya kai ta kasuwa. Amma da kuɗin suka shigo ta waya, babu fuskar mai bin bashi, babu shaidu, sai aka ɗauke su tamkar ruwan sama. Alhali a cikin sharuɗɗan rancen akwai izinin a bi lambar BVN a ciri abin da ake bin mutum daga duk asusun da yake da shi, a kowane banki. Kamar ka karɓi rance ne ka damƙa wa mai shi makullan rumbunanka duka, har da wanda za ka gina baɗi.

Za a ce ai dukiyar ƙasa ce, kuma manya sun ci fiye da haka ba a taɓa su ba. Ko da hakan gaskiya ne, rashin adalci wajen karɓar bashi ba ya mayar da shi sadaka, kuma duk kuɗin da ba su dawo ba hujja ce da za a kafa gobe a hana manomi rance mai sauƙi. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa ba a fayyace musu ba. Nan kam laifin ya koma kan hukuma. A lokacin, takardar neman rancen da Turanci take, a intanet ake cikewa, don haka da yawa a shagon kwamfuta aka cike musu, suka amince da abin da ba su karanta ba. Jami'ai da 'yan siyasa kuma sun fi son kalmar "tallafi", saboda "bashi" ba ta jawo tafi. Shi kuwa mai noman gero a ƙauye, wanda ba shi da asusu balle babbar waya, bai ma shiga layin ba. In bai samu na Fadama ba, rabonsa bai wuce naira 500 ɗin nan ta buhun taki ba, ita ma sai in dila ya sayar masa a farashin gwamnati.