Ko Ka Sani? Shahon Japan da Ya Je Neman Asalin Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu ranar su, ya ga dubban masunta sun auka ruwa da gora da homa suna farautar giwan ruwa, zai ɗauka ruwan nan na damina ne kawai. Haka ne, damina ke cika gulbin Rima har ya malala fadamar Birnin Kebbi. Sai dai damina ba ta ƙirƙirar ruwa, juya shi take yi daga teku zuwa gajimare zuwa ƙasa. To, ta wace hanya Allah Ya fara saukar da shi a duniya?

Masana sun ce shekarun duniya sun kai biliyan 4.5, kuma a farkonta zafi ya yi tsananin da ruwa ba zai zauna a bayanta ba. Shi ya sa da yawansu ke ganin duwatsun da ke yawo a sararin samaniya ne suka riƙa faɗowa ɗauke da shi.

Don a gwada wannan magana, Japan ta harba kumbon Hayabusa2 a Disamban 2014. Ma'anar sunan shaho, kuma aikin shaho ya yi. Ya isa wani baƙin dutse mai suna Ryugu, wanda faɗinsa bai kai kilomita 1 ba, ya sauko sau biyu a 2019, ya harbi dutsen da ɗan harsashi, ƙura ta tashi, ya sure ta ya yi sama. A Disamban 2020 ya jefo tsarabarsa a hamadar Ostireliya: giram 5.4 kacal, kamar cikin ƙaramin cokalin shayi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da aka tarar a ciki. Akwai yumɓu, irin wanda ba ya samuwa sai ruwa ya jiƙa dutse. Har ɗan ɗigon ruwa aka gano a kulle cikin wata ƙwaya, wanda ido ba ya gani, ya shekara biliyoyi bai bushe ba.

Wasu masanan kuwa na cewa wani kaso na ruwan tun asali yana cikin duwatsun duniya, aman wuta ne ya fito da shi. Muhawarar na nan. Shahon ma bai huta ba, ya nufi wani dutsen da ake sa ran zai riska a 2031.