Alli da allo ba su isa ba: tallafin karatun doktora a fannin lissafi

1. Gabatarwa

Mu ba masana lissafi ba ne. Aikin tattara kalmomin lissafi na Hausa domin makarantu masu koyarwa da harsuna biyu shi ya haɗa mu da malaman wannan fanni, kuma a cikin hirarrakin da muka yi da su ne muka lura da wata matsala da ta cancanci a yi bayaninta. Sau da yawa in ana rabon kuɗin bincike akan ce lissafi ba ya cin kuɗi: ba ya buƙatar ɗakin gwaji kamar kimiyyar sinadarai, ba ya buƙatar gona ko mota kamar ilimin noma, alli da allo sun wadatar. A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan magana rabin gaskiya ce, kuma ɗayan rabin shi ne ke hana ɗalibai da yawa kammala kundinsu.

A unguwar Gudel, inda muke zaune, akwai wani matashi da ke shekara ta biyar a kan kundin da aka tsara wa shekara uku. Da safe yana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, da la'asar yana bi gida gida yana yi wa ƴaƴan masu hali darasin ƙari, sai bayan isha'i yake buɗe takardunsa, in akwai wuta. Malamin da ke duba aikinsa yana ƙetaren kogi, a Harobanda, amma sukan yi wata ba su zauna tare ba. Ba basira ce ta gaza masa ba.

2. Abin da kundin lissafi ke ci

Abu na farko shi ne lokaci wanda ba a yanyanka ba. Masanin harshe yana iya naɗar magana yau, ya rubuta ta gobe, ya ajiye, ya dawo bayan mako biyu ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ɗalibin lissafi kuwa yakan shafe watanni a kan maƙala guda mai shafi ashirin kafin ya fahimci hujjar da ke cikinta, kuma in ya sake ta na mako biyu sai ya koma kusan farko. Saboda haka kuɗin tallafin karatu, wanda ɗalibai ke kira bourse, a wannan fanni lokaci yake saye. Shi ne ke ba ɗalibi damar ya ƙi karɓar darasin ƙari.

Abu na biyu shi ne jagora. Doktora ba ta samuwa sai an warware matsalar da ba a taɓa warwarewa ba, kuma ɗalibi ba shi da hanyar sanin wace matsala ce har yanzu take a buɗe, wace ce kuma za ta warwaru cikin shekara uku. Malami ne ke sani, kuma a cikin ɗan reshen da ya ƙware kawai. Wanda ya ƙware a aljabara ba zai jagoranci kundi a lissafin yiwuwa ba. A tsarin CAMES, majalisar da shugabannin ƙasashe suka kafa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, jagorancin kundi aikin malamai masu babban matsayi ne, wato maître de conférences da professeur titulaire. Ana hawa waɗannan matakai da maƙalolin da aka buga. To a nan ne igiyar ke ɗaure kanta: inda manyan malamai suka yi kaɗan, masu doktora za su yi kaɗan, inda masu doktora suka yi kaɗan, awowin koyarwa za su yi wa kowa yawa, wanda awowi suka danne ba ya rubuta maƙala, wanda bai rubuta ba kuma ba ya hawa matsayin da zai jagoranci wani.

Na uku shi ne abokan tattaunawa, wato taron ƙara wa juna sani da tafiye-tafiye. Samun takardu ya yi sauƙi bisa ga da, tunda rumbun arXiv yana buɗe tun 1991, kuma zbMATH ya zama kyauta a 2021. Amma intanet ba ta tsaya a gaban allo ta ce maka layi na bakwai bai biyo daga na shida ba.

3. Inda kuɗin ke fitowa

An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, ta zama jami'a bayan ƴan shekaru, aka kuma sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, shekara guda bayan rasuwar wannan masanin kimiyyar hasken rana. Malaman farko yawancinsu a Faransa suka yi doktora, a zamanin da ake da doctorat de troisième cycle da doctorat d'État, kafin dokar 1984 ta maye gurbinsu. Wannan hanya ta ƙuntata a shekarun gyaran tattalin arziki. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy suna zanga-zanga a kan matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sai kuɗin littafi da tikitin jirgi da hayar ɗaki a ƙetare suka ninka dare ɗaya.

Abin da ya cike giɓin shi ne karatun rabi da rabi: ɗalibi ya yi rajista a gida, ya riƙa zuwa waje na ƴan watanni kowace shekara. Faransa ta kafa tsarin cotutelle a 1994, inda jami'o'i biyu ke jagorancin kundi guda. Cibiyar ICTP ta Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin difloma na shekara guda tun 1991, da kuma shirin STEP na irin wannan kai da kawo. Cibiyar CIMPA, da aka kafa a Nis a 1978, tana shirya makarantun bincike na kimanin mako biyu a ƙasashe masu tasowa, inda ɗalibi kan gamu da wanda zai zama jagoransa na biyu. Ƙungiyar masana lissafi ta duniya, IMU, ta fara ba da tallafin Breakout a 2016, da kuɗin da waɗanda suka ci kyautar Breakthrough suka bayar, sannan shirin GRAID ya biyo baya. A cikin Afirka kuma akwai IMSP ta ƙasar Benin, tun 1988, da cibiyoyin AIMS da suka fara a Afirka ta Kudu a 2003, aka buɗe ta Senegal a Mbur a 2011.

Duk waɗannan ƙofofi ne na gaske, kuma muna shawartar ɗalibanmu su ƙwanƙwasa su. Sai dai a lura da abubuwa biyu. Gurabensu kaɗan ne, ana kuma takararsu da ƙasashe masu yawa, wani lokaci da Ingilishi, abin da ke tauye ɗalibin da ya yi dukan karatunsa da Faransanci. Sannan kuɗin waje yana bin siyasar waje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da taimakon raya ƙasa da bayar da biza, ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe a Janairun 2024. Ɗalibin da aka gina kundinsa a kan zuwa wata jami'ar Faransa wata huɗu kowace shekara ya wayi gari da rabin jagora.

A cikin gida, hukumar ANAB ce ke kula da tallafin ɗalibai. Nijeriya ta bi wata hanya da ta cancanci nazari: ta kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja a ƙarshen shekarun 1980, ta kuma ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu a 1993, asusun da ya zama TETFund a 2011 yana biya wa malaman jami'a karatun doktora. Ba ma cewa tsarin ba shi da aibi. Abin lura shi ne kuɗin daga gida ya fito.

4. Bayan kare kundi

Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganinmu a nan aka fi yin asara. A Turai da Amurka, sabon dokta a lissafi yakan yi shekara biyu ko uku yana bincike da ƙaramin nauyin koyarwa, har ya sami hanyarsa shi kaɗai, ba tare da jagora ba. A nan kuwa ana kare kundi ranar Asabar, ranar Litinin a miƙa masa aji na ɗaruruwan ɗaliban shekarar farko. Dalilin a fili yake. Lissafi darasi ne da kowa ke buƙata, daga masu kimiyya zuwa masu tattalin arziki da noma, kuma tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sannan na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, buƙatar malamai ta ƙaru ƙwarai. Sabon dokta yakan fitar da maƙala ɗaya ko biyu daga cikin kundinsa, ya sami matsayin maître-assistant, daga nan sai rijiyar ta ƙafe. Bayan shekara biyar fanninsa ya wuce shi. An kashe kuɗi an horar da mai bincike, an sami malamin aji, kuma ba zai jagoranci kowa ba.

Gyaran wannan mataki bai kai tsadar tura mutum waje ba. Jami'a tana iya rage wa sabon malami rabin awowinsa a shekaru biyu na farko, ta biya wani ya riƙe sauran. Tana iya ware masa kuɗin tafiya guda a shekara, ko da zuwa Wagadugu ne ko Zariya, inda akwai sassan lissafi da suka daɗe. Tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su bi a 2007, ya ƙayyade wa doktora shekara uku. Kamata ya yi makarantun doktora su daina karɓar rajistar ɗalibin da ba a san abin da zai ci ba a cikin waɗannan shekaru, ko kuma su nema masa kafin su karɓe shi. Mun san wannan zai rage yawan masu rajista, kuma wasu abokan aiki ba za su so shi ba.

Da muka tambayi maƙwabcinmu na Gudel abin da zai ishe shi ya gama, bai ambaci Faransa ba. Ya ƙirga kuɗin da darussan la'asar ke kawo masa a wata, ya ninka sau goma sha takwas, ya ƙara kuɗin man babur na zuwa Harobanda sau biyu a mako.