Abotar Likitoci Biyu a Dimashƙa: Ibn Abi Usaibi'a da Ibnul Baiɗar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa masu karatu, Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A wannan fitowa za mu duba wasu likitoci biyu na ƙarni na bakwai bayan Hijira, waɗanda son littattafai da binciken magabata ya haɗa su, kuma har yau ana cin gajiyar zamansu tare.

Na farko shi ne Ahmad ibn Ƙasim, wanda aka fi sani da Ibn Abi Usaibi'a. An haife shi a Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekarar 1203 Miladiyya. Gidansu gidan likitanci ne: mahaifinsa likitan ido ne, baffansa ma likita. Ya koyi aiki a asibitin Nuri, wanda Sarki Nuruddin Zanki ya gina, a hannun babban malamin likitoci Muhazzabuddin Dakhwar.

Na biyu kuma shi ne Abdullahi ibn Ahmad, wato Ibnul Baiɗar, mutumin Malaƙa ta Andalus, a ƙasar Sifen ta yau. Shi gwanin sanin tsirrai ne da itatuwan magani. Ya baro gida wajen 1220, ya ratsa Arewacin Afirka yana tsintar ganyaye da saiwoyi yana tambayar sunayensu, har ya isa Masar, inda Sarki Malikul Kamil ya naɗa shi shugaban masu maganin tsirrai.

Sun fara haɗuwa a Dimashƙa a shekara ta 633 Hijiriyya, wato wajen 1235. To, yaya zaman nasu yake? Ibn Abi Usaibi'a da kansa ya ba da labari. Sukan fita bayan gari su duba tsirrai a inda suke tsirowa. In sun zauna karatu kuwa, sai ya ɗauko littattafan magabata ya baje a gabansa: na Diyusƙuridus da na Jalinus, likitocin Girkawa, da na Gafiƙi ɗan Andalus. Ibnul Baiɗar sai ya ɗauki magani guda, ya faɗi sunansa da Girkanci, ya kawo siffarsa da aikinsa kamar yadda na farko ya bayyana, sannan abin da Jalinus ya ƙara, sannan maganar na baya da inda suka saɓa da inda wani ya yi kuskure. Shi kuma abokin yana bin littafi yana dubawa, sai ya tarar bai tsallake komai ba, har babin da maganin yake yakan faɗa da ka.

Kada wani ya ce wannan ai wasa ƙwaƙwalwa ne kawai. A'a, rai ne a ciki. Sunan tsiro ɗaya yakan canza daga gari zuwa gari, sannan mai kwafar littafi da hannu in ya goce da ɗigo ɗaya, suna ya koma wani. Likitan da ya dogara da takarda kaɗai yana iya ba majinyaci guba yana zaton waraka ce. Shi ya sa suke haɗa abu biyu: a ga tsiron da ido, a kuma gwada da abin da aka rubuta. Mutum ɗaya ba ya iya riƙe duka, sai da aboki mai duba masa. Ko a kasuwanninmu, duk wanda ya taɓa sayen sassaƙe ya san yadda bawo biyu kan yi kama, aikinsu kuwa ya sha bamban.

Kowannensu ya bar babban littafi. Ibnul Baiɗar ya rubuta Al-Jami'u li Mufradatil Adwiya wal Agziya, inda ya jera magunguna da abinci kusan 1,400 bisa tsarin haruffa, yana jingina kowace magana ga mai ita. Ya rasu a Dimashƙa a 646 Hijiriyya, wato 1248. Ibn Abi Usaibi'a kuma ya rubuta Uyunul Anba'i fi Ɗabaƙatil Aɗibba'i, tarihin likitoci sama da 400 cikin babi 15, tun daga Girkawa har zuwa mutanen zamaninsa. A ciki akwai Musulmi da Kirista da Yahudawa, kowa an faɗi malamansa da littattafansa. Abin lura a nan, yawancin abin da muka sani game da halin Ibnul Baiɗar da yadda yake karantarwa, daga alƙalamin wannan aboki nasa ya fito. Ya yaba masa da kyawun zama da mutane da karamci, ba ilimi kaɗai ba. Shi ma ya rasu a garin Sarkhad a 668 Hijiriyya, wato 1270.

Littafin nasa ya adana labarin wasu masoya littattafai. Ga Ibnul Muɗran, likitan Salahuddin Ayyubi kuma malamin Dakhwar, wanda ya tara littafi kusan 10,000, yana da masu kwafa uku da ke yi masa aiki kullum, yana kuma yi wa ɗalibansa kyautar littattafai. Amma da ya rasu bai bar ɗa ba, sai aka sayar da su, suka watse. Ɗalibinsa Dakhwar kuwa waƙafi ya yi da gidansa ya zama makarantar koyon likitanci. Haka Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri na Alƙahira. Kun ga bambanci ke nan.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Malamai nawa suka rasu a unguwanninmu, aka kulle littattafansu a adaka, gara da ruwan damina suka gama da su? Wa ya rubuta mana sunayen malamansu da littattafan da suka sauke? Sau da yawa babu, don ba a samu aboki ko almajiri da ya ɗauki alƙalami ba.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, nemi abokin muraja'a wanda zai riƙe littafi yana bin ka, in ka goce ya gyara maka ba tare da ka ji haushi ba. In ka ari littafi ka mayar da shi lafiya kuma a kan lokaci, domin rashin mayarwa ne ke sa masu shi su rufe ƙofa. Ka tambayi malaminka a wurin wa ya yi karatu, ka rubuta ka ajiye tun yana raye. Iyaye da magada kuma, wanda ke da littattafan da ba a buɗewa, ya yi shawara da limami a kan ba da su waƙafi ga makarantar masallaci, a rubuta sunan mamacin a kai don ladan ya riƙa isa gare shi.

Allah Ya haɗa mu da abokai na gari, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan malamanmu. Amin.