Ma'aikacin da Ruwa Ya Cika wa Kai

Ƙafa ce ta kai shi asibiti a birnin Marseille na Faransa. Mako biyu ke nan ta hagun tana yi masa sanyi. Magidanci ne ɗan shekara 44, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma ma'aikacin gwamnati ne.

Da likitoci suka bi tarihinsa, sai suka tarar yana wata 6 da haihuwa an saka masa siririn bututu a ka, don ya riƙa janye ruwan da ke taruwa. Yana shekara 14 wannan ƙafar ta taɓa yi masa haka, aka gyara bututun, ya warware. Daga nan shiru har shekara 30.

Aka ɗauki hoton kansa da na'urar CT, aka ƙara da MRI. Inda ake sa ran ganin ƙwaƙwalwa, ruwa ne fal. 'Yan ramukan da ke tsakiyarta sun buɗe har sun mamaye kusan duk cikin kai, ita kuwa an matse ta jikin ƙoƙon kai, ta zama siririya kamar ɓawo.

Shi wannan ruwan kowa yana da shi. Jiki na samar da kusan rabin lita a kullum, ya zagaya ƙwaƙwalwa da laka, jini ya shanye shi. Idan mafita ta toshe ne yake taruwa. Jariri, da yake ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, sai kan ya yi girma, uwa ma ta gani da idonta. Babba kuwa kansa ya riga ya rufe, ba abin da ido zai gani. Ciwon yakan ɓullo ta wata kafa daban: tafiya ta rikice, fitsari ya ƙi riƙuwa, mantuwa ta yi yawa. In dattijo ne, sau da yawa a gida sai a ce tsufa ne, a rufe maganar, alhali hoto ɗaya zai iya nuna gaskiya.

An yi wa mutumin gwajin basira, ya ci 75, matsakaicin mutane kuwa 100 ne. Ƙasa yake, amma da shi ya yi aure, ya riƙe aiki. A ganin masana, ruwan ya taru ne sannu a hankali, ƙwaƙwalwar tana sabawa. Masu yaɗawa a intanet cewa ba shi da ƙwaƙwalwa sun ƙara gishiri: tana nan, matse ta aka yi.

Dakta Lionel Feuillet da abokan aikinsa ne suka buga labarin a mujallar Lancet a 2007. Aikin farko da suka yi masa na buɗe wa ruwan hanya bai ɗore ba, ƙafar ta sake sanyi. Sai suka saka sabon bututu mai zubar da ruwan a cikin ciki. Cikin 'yan makonni ƙafar ta dawo daidai, amma da aka sake ɗaukar hoto, ramukan suna nan yadda suke.